Muryarki da Injin Niƙa

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaisuwa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma sai ƙanwata Hauwa'u ta karanta miki, ke kuma ki kau da kai kamar ba da ke ake ba, tunda daga ɗan fari ta fito.

Gida lafiya. Baba ya girbe gero, ƙafarsa ce dai take damunsa. Hauwa'u ta haihu, mace, an sa mata sunanki. Ni ina nan Dutsin-Ma a shagon nan da kike cewa ba ki gane aikin da ake yi ciki ba, wai mutum ya toshe kunnuwa ya zura wa kwamfuta ido. Gyaran sauti nake yi, Inna. A kawo mini karatu ko sanarwar biki, in cire hayaniya in bar magana. Saboda aikin nan ne nake rubuto miki, don ina cikin tsoro.

Kin tuna saƙon muryar da kika aiko mini ta wayar Hauwa'u kafin ki kwanta ciwo? Shi kaɗai ne muryarki da ta rage a duniya. Kin ce kin ba direban Kurfi yaji da kuka ya kawo mini, in daina fita ban karya ba, sannan kika yi ta sa mini albarka. Tun tasowata ba ki taɓa yi mini magana mai tsawon haka ba. Amma a gindin injin niƙa kika tsaya, ƙararsa ta danne rabin abin da kika faɗa.

Sai na ce ai wannan sana'ata ce. Na kwafi saƙon na sa a manhajar kwamfuta da muke gyaran sauti da ita. Yadda ake yi, ana nemo inda mai magana ya yi shiru, a nuna wa manhaja cewa ga hayaniya, ita kuma ta bi duk saƙon tana share abin da ya yi kama da ita. Akwai ɗan maɓalli da ake ja, kaɗan ko da yawa. Na zaɓi inda kika tsaya jan numfashi. Na ja kaɗan, injin yana nan. Na ƙara, ya koma can nesa. Na ƙara ja sai ya ɓace gaba ɗaya, har na yi murna. Na yi ta sauraron wannan gyararren kullum, a shago, a kan babur, ko ina cin abinci.

Ranar sunan jaririyar na je gida Ɗantutture na kunna wa Baba, ina jiran ya yi mamaki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko matar waye wannan. Inna, ashe manhajar ta haɗa da dishi-dishin muryarki da numfashinki ta share, ta bar wata siririyar murya kamar ana magana a cikin randa. Baba da kunnensa ya yi nauyi ya gane ba ke ba ce. Ni da nake taƙama da kunne, ya aka yi ban gane ba?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, yanzu in na rufe ido na nemi muryarki a raina, ta wannan matar nake ji. Na kasa tuno yadda kike kiran awaki. Na kasa tuno yadda kike yi wa Hauwa'u faɗa. Haka ake manta uwa? Wa zan tambaya ya tuna mini?

Da Hauwa'u ta ga halin da na shiga, sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce ranar nan a ɗaki ta miƙa miki wayar, babu motsin kowa, kika ƙi. Kika yafa mayafi kika tafi har wurin niƙa, kika jira aka tayar da injin, sannan kika fara magana, don kada wani ya ji kina hira da ɗan farinki. Ashe da gangan kika ɓuya a bayan ƙarar nan, ni kuma na zo ina ƙoƙarin yaye miki ita. Ki yafe mini.

Na goge gyararren. Na asalin yana nan, na mayar da maɓallin inda na same shi, ba zan sake taɓa shi ba. Har yanzu ban iya kunna shi ba, ina tsoron in ji ki kuma kunnena ya ce baƙuwa ce. Amma gobe in Allah Ya kai mu zan kunna, da injin da komai. Ban taɓa gaya miki ba, ni ma kunya ce ta hana ni: duk albarkar da kika sa mini na ji ta, har wadda injin ya danne.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sada mu a inda babu hayaniya.

Ɗanki, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.