Sunan da Kika Sa wa Na'urar Ya Daina Amsawa

Zuwa ga ɗiyata Ladi, a Kaduna. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ke faɗa, Saratu matar ƙanenki ke rubutawa. Na ce ta sa a Fesbuk inda kowa zai gani, tunda wata uku ke nan ba ki ɗaukar wayata.

Kin san rigimar gonarmu ta hanyar Mahuta, wadda Audu ɗan baffana ya ce rabinta tasa ce. An kai gaban hakimi. Ran Alhamis za a yanke.

Kin tuna bara waccan da kika ɗauki bidiyon tsohon nan Baba Dudu a waya yana taka iyakar? Daga ɗorawa zuwa suri, daga suri zuwa baƙin dutse, yana dogara sanda yana kiran sunan wanda ya sare kowane daji. Damina ba ta zagayo ba ya rasu. Ban da shi babu wanda ya san iyakar nan.

Kika ce a sa a intanet, na ƙi. Kika ce ko a wayoyin 'yan gida, na ƙi, don abin da ya shiga waya ya shiga kasuwa. Daga baya ma na sa kika goge na taki a gabana. Sai kika kawo tsohuwar kwamfuta kika aje a ɗakina, kika ce sunanta saba, wato ma'ajiya, kika zuba bidiyon a cikinta, kika haɗa ta da akwatin intanet ɗin nan mai ƙaho biyu. Wuni guda kina bugawa kina tsaki. Kika sa mata sunan ubana, gidanmanga, ɗigo, gida. Da Saratu ta buga sunan a wayarta Baba Dudu ya fito yana tari, sai da na fita tsakar gida na tsaya.

Kin ce sunan nan a cikin gida kaɗai yake amsawa. Na ji. Amma na ɗauka gidan da kike nufi zuri'a ce, duk inda jinin Manga ya tsaya ya kira.

Ran Litinin na sa babbar riga na tafi ƙofar hakimi. A gaban jama'a na ce yau Baba Dudu zai yi magana. Magatakarda ya buga sunan a wayarsa sau uku, fari fat. Audu bai ko yi dariya ba, kansa kawai ya kaɗa, kuma wannan ya fi mini ciwo. Hakimi ya ce tunda a gida abin yake, ran Alhamis za su zo gidan su gani, har da Audu.

Audun da na rantse ba zai ƙara taka ƙofata ba. A kansa na ce miki ke ba ɗiyata ba ce, don kin je gaisuwar rasuwar matarsa ba da izinina ba. Har yau ina cewa da kin tambaye ni. Ke ma ba ki kyauta ba da kika tafi ba sallama, kika bar doyar da na ɗaure miki a bakin ƙofa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da na dawo ran Litinin raina a ɓace, na kashe akwatin na kunna. Na ga ɗan rami a bayansa, na tsinko tsintsiya na danna, na riƙe, ina cewa ko ya toshe ne. Fitilunsa suka mutu suka dawo. Tun lokacin ko a cikin ɗakina sunan ba ya amsawa. Saratu ta kira mai gyaran waya daga Rikoto, ya ce akwatin ya manta duk abin da kika koya masa, shi kuma ba zai taɓa kwamfutar ba tunda ke ce da lambar sirrinta.

Kwamfutar tana nan tana ƙugi. Ban cire mata waya ba, ban bari an share kusa da ita ba. Ladi, gaya mini gaskiya: muryar Baba Dudu tana ciki, ko na kashe ta da tsinke?

Shekara hamsin ina noma gonar nan. A cikinta uwarki ta fara naƙudarki, a kan keke na kawo ta gida. In ta tafi saboda tsinken tsintsiya, ban san da wane ido zan dubi ƙannenki ba.

Ban iya irin maganar da kuke so a yi ba. Abin da na faɗa miki ranar nan na janye shi, ga jama'a suna karantawa. Audu zai shigo, zan sa masa kujera da hannuna. Ke dai ki zo ran Laraba, motar safe ta fi, ki gaya wa akwatin nan sunan ubana kuma.

Allah ya tsare miki hanya, ya sassauta zuciyarki a kaina, ya sa muryar tsohon nan tana nan.

Ni ne ubanki,
Bawa Manga, Zuru.