Yau Na Hana Kawu Allura

Karofane, daren Talata

Yau na ce ma Inna Hajo a'a, kuma ƙasa ba ta tsage ba!

Da hantsi ta kawo mijinta, Kawu Idi, asibitinmu, inda nike aikin jinya. Shekaranjiya ya dawo daga diyaliz, inda mashin ke wanke mishi jini tun da ƙodarshi ta gaza. Mura ce da ɗan tari. Tun daga ƙofa ta ce, "Ɗiyata, yi mai allurar antibiyotik, mai ƙarfin nan. In ta yi yawa, ai mashin na wankewa."

Haka duk dangi sunka ɗauka, wai mashin na wanke komi. Na auna jikinshi, babu masassara. Na saurari ƙirji, lafiya lau. Na duba gefen tiyon diyaliz da ke wuyanshi, bai yi ja ba, babu mugunya. Na ce, "Inna, mura ba ta jin antibiyotik. Kuma kafin ranar mashin, maganin cikin jininshi za ya zauna, babu ƙodar da za ta fid da shi."

Ta ce, "To, mi ne amfanin karatunki?" Ta ja mayafi ta fita.

Na kira lokotoron ƙoda, likitan da ke duba shi, a waya. Ya ce na yi daidai, in sa ido, in masassara ta taso in kira shi maza. Har ya ce za ya ba sauran masu diyaliz na yankinmu lambata. Ni!

Bayan magariba sai ga Inna da ƙwaryar hura. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Mai tallar ƙwayoyin magani ya biyo gida. Kawunki ya kore shi, wai sai abin da kinka ce."