Inda Kake Kashe Bidiyo

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba, amma da wa zan yi maganar in ba kai ba? Unguwarmu Mahjar ta Jidda tana nan yadda ka bar ta, mu ma lafiya lau. Jikanka Anas ya samu aiki a unguwar Aziziyya. Hausa dai yana ji, bakin ne ya ƙi.

Ka tuna kaset ɗin da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba ka, lokacin kana aiki a tasha? Tsohon fim ɗin Meziko marar launi, na wata mata da 'ya'yanta a ƙauye. Ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci ba ka ji, amma kai ne tafintanmu. Ka raɗa wa matar suna Hajara, mijinta har kafili ka ba shi, ubangidan da ke riƙe masa takardun zama. Muna ta dariya, Inna tana kwance a ɗaki ba lafiya, tana cewa ka ji tsoron Allah. Kullum in matar ta rungume yaranta a bakin ƙofa, sai ka kashe bidiyo, ka ce halas, ya ƙare, yalla a tashi.

Ashe mutanen Meziko ba ƙananan 'yan fim ba ne. Anas ya ce tun zamanin kakanni suke yi, yanzu kuma daraktocinsu na lashe manyan kyaututtukan duniya. Shi ya sa aka gyara tsofaffin finafinansu, har aka kawo fim ɗinka silima a nan Jidda, da fassarar Larabci. Da farko na ƙi zuwa. Tsoro nake ji kada fassarar ta ƙaryata ka, in rasa labarin da ka bar mini.

Na dai je. Sunanta ba Hajara ba ne, kafili kuwa babu shi, sauran duk ka canka daidai. Da aka zo bakin ƙofa har na ɗauki jakata, sai fim ya ci gaba. Matar ta kwanta ciwo, Baba. Yaran ne suka raka gawarta.

Ke nan ka ga ƙarshen tun farko, kai kaɗai? Haka ka riƙa zama kusa da bidiyo don kada ya riga ka, Inna tana tari a ɗaki? Watanninta na ƙarshe da dariya muka yi su, ita ma tana jin mu. Ban taɓa gode maka ba, domin ban sani ba. Na gode, Baba. Na zauna na kalla har ƙarshe, na yi kukan da ka ɗage mini.

Allah ya jiƙan ka, ya haɗa ku da Inna a Aljanna.

'Yarka,
Sa'adiyya