Goron Gaisuwar Naa

Zuwa ga Mma Sanatu,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ofishin ilimi na Yendi ya ce kowane sabon shugaban makaranta ya zaɓi mai yi masa jagora cikin tsofaffin shugabanni. Na zaɓi Mista Wumbei, ba ke ba. Kada ranki ya ɓaci, Mma. Ranar da na iso daga kudu, a gaban malamaina kika ce, "Wannan mai takalmin tsinin ce za ta riƙe makarantar da na gina?" Na ji zafi ƙwarai. Shi kuwa bakinsa da daɗi, kullum sai "Madam, kin iya." Ki huta lafiya.

'Yarki, Dzifa Agbenyo

Dzifa,

Ina amsawa. Ƙafa da sauƙi. Kin zaɓi mai daɗin baki, to ki sha daɗi. Ki gaishe shi.

Sanatu

Zuwa ga Mma Sanatu,

Ina durƙushe ina gaisuwa. Mma, kujerata na rawa. Ranar rabon kyaututtuka Naa, sarkin garin, bai zo ba, makaɗansa ma ba su zo ba. Ya aiko cewa shi bai san an yi baƙuwa a ƙasarsa ba. Iyaye sun fara kwashe yaransu, ofis na maganar ɗauke ni.

Ashe baƙo ba ya zama kan kujera sai wani babba ya kai shi gaban Naa da goro da zabo. Tun farko na tambayi Mista Wumbei, ya yi dariya ya ce, "Haba Madam, gwamnati ce ta turo ki, ke da durƙusa wa tsoho? Bar wa 'yan ƙauye." Yanzu na ji ɗan ƙanensa, Azindoo, mataimakina, shi za a ba riƙon makarantar. Jiya na je gidan Mista Wumbei, matarsa ta ce barci yake, alhali ina jin tarinsa.

Tsoro nake ji, Mma. Naa yana jin maganarki. Don Allah ki kai ni. Allah ya ƙara girma.

'Yarki, Dzifa

Dzifa,

Ina amsawa. Tun ranar da kika iso na sayi goro da zabo don in kai ki. Sai wasiƙarki ta farko ta zo, na sa aka yanka zabon, na ci da sakwara. Goron bai lalace ba, da shi na raka Azindoo wurin Naa shekaranjiya.

Hanyar tasha akwai laka, ki canza takalmi. Allah ya kiyaye hanya.

Sanatu