Ramin Gafiya a Shimfiɗa ta Biyar

Litinin, 3 ga Maris
Tono ya kai shimfiɗa ta biyar, baƙar ƙasar da ke can ƙarshen rami, wadda ta fi duka tsufa. Na ce wa Malama, shugabar aikin tonon kayan tarihin da nake wa lebura, tokar da ke samanta ta gobara ce, ba ta murhu ba, na karanta irinta. A gaban ɗalibanta ta ce, "Farfesan shebur, kwashe mana ƙasar tukuna." Suka bushe da dariya. Wallahi littattafan da na cinye a kan tabarma, ko rabinsu ba su buɗe ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na tsinci tsingaron tukunya mai zane a ta biyar. Sai dai ƙasar da ke kewaye da shi ja ce, mai taushi. Tsohon ramin gafiya ne, daga ta biyu abin ya gangaro. Na gani sarai. Na jefa shi a leda, na rubuta "biyar", na ja bakina. Ai shebur ba ya magana.

Asabar, 8 ga Maris
Malama ta kasa zaune ta kasa tsaye. Wai ke nan masu tukwane sun zauna nan tun kafin lokacin da kowa ke zato. Juma'a za ta sanar da manyanta. Shekara huɗu tana jiran wannan. Har cewa ta yi hannuna na da albarka.

Lahadi, 9 ga Maris
Inna ta ga na ture kwano, ta taɓa goshina.

Talata, 11 ga Maris
Baba mai rariya, wanda ya tace ƙasar bokitina ranar Laraba, ya tambaye ni inda baƙar ƙasa ta samo ja. Na hayayyaƙo masa. Ya ce shi dai ya san ƙasa ba ta ƙarya, sai dai a yi mata. Tsoho sai shisshigi.

Alhamis, 13 ga Maris
Na kai Malama bangon ramin, na tura yatsa cikin jar ƙasar har ya nutse. Ta durƙusa, ta bi sawun gafiyar da ido har sama.
"Yaushe ka gani?"
Da na ce yau, da magana ta ƙare.
"Waccan Larabar, Malama."
Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da na fi son faɗan. Ta soke "biyar" da hannunta. Can ta ce in zo mu duba tokar nan tawa tare.
Ashe murhu ne. Ban yi gardama ba.