Ruwan da Muka Hana Hajara

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ni ce Asabe, 'yarki mai bakin nan. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma ba kya karatun boko, sai dai ki miƙo min ki ce in karanta, ki yi ta katse ni. Amma akwai maganar da ta tsaya min a wuya mako uku ke nan, kuma ba wanda ya cancanci ya ji ta daga bakina sai ke.

Kada ki yi mamakin rubutun. Bayan rasuwarki aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan mai unguwa, maigidana Malam Idi ya bar ni na shiga. Hannuna bai miƙe ba tukuna, sai ki yi haƙuri da shi.

Mutanen gida lafiya lau. Bana gwamnati ta matsa sai an noma alkama, shi ya sa Malam ya raba gonar bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, gida biyu, rabi alkama rabi tumatir. Tumatirin ya yi yawa har ya rasa masaya, ana ta yankawa ana shanyawa a bakin titi. Sauro kuwa yana nan yadda kika bar shi. Ɗakinki yanzu albasa ake zubawa a ciki, abin yana ɓata min rai, na yi magana har na gaji.

Tun da kika tafi mata suka koma kawo min yaransu. Suna cewa ai 'yar Inna ce, ba za ta rasa sanin wani abu ba. Ni kuma ina yi musu yadda na ga kina yi. In yaro yana gudawa a ɗauke masa ruwa don cikin ya ɗaure, a ba shi jiƙo kaɗan, in maɗigarsa ta faɗa a kwaɓa magani a shafa. Saboda sunanki ne ma mai unguwa ya saka ni cikin matan da aka kira asibitin sha-ka-tafi na Bunkure, da gwamnati ta turo wata malamar asibiti ta koyar da sabon abin nan da rediyo ke ta faɗa, ruwan gishiri da sukari.

Abin ba wuya, Inna, shi ya sa ma ya fi ciwo. Ruwa mai tsabta cikin kwalbar lemo biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari ƙwaya biyar. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A yi ta ba yaro da cokali, ko yana amai a ɗan jira a ci gaba. Da malamar ta ce ana iya auna ruwan da kwalbar giya ɗaya, sai ɗakin ya ɗauki a'uzubillahi, ita ma ta yi dariya ta ba mu haƙuri.

Kin san halina. Da ta ce hana yaro ruwa shi ke kashe shi, sai na miƙe tsaye. Na gaya mata uwata tana jinyar yaran garinmu tun ita ba a haife ta ba, ba za ta zo da farin kaya ta mayar mana da iyaye jahilai ba. Wallahi na ɗauka za ta kore ni. Sai ta ce in zauna kusa da ita. Ta ɗauko gora mai huji a gindi, ta cika ta da ruwa, muna kallo ya tsiyaye. Ta ce haka cikin yaro yake in yana gudawa, in ba a riƙa mayar da abin da ya zuba ba sai ya bushe. Daga nan ta shiga lissafa alamun bushewar. Maɗiga ta faɗa. Ido ya zurma. Kuka ba hawaye. Fitsari ya ɗauke. In an ja fatar ciki ta tsaya a tattare.

Ban ji sauran karatun ranar ba. Duk abin da ta lissafa na gan shi da idona, a ɗakinki, a jikin Hajara.

Ga shi na rubuta sunanta. Tana raye ban taɓa kiran sa ba, saboda 'yar fari ce. Yarinyar nan nake cewa, ko in ce 'yar Inna. A gaban mutane ba na ɗaukarta, ba na yi mata wasa, kina yabona kina cewa na iya kunya. Da aka kawo miki ita yaye, kwana biyar da zuwanta gudawa ta kama ta. Kin tuna? Lokacin ana ɗiban ruwan sha a kanal, don rijiyarmu ta rufta. Aka aiko min, na zo, na zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

Inna, ina kallonta tana miƙa hannu wajen randa. Leɓenta ya tsage. Ta rarrafa har gindin randar, kika ɗauke ta, kika ce in ɗora faifai a kan moɗa kada ta gani ta ƙara kuka. Ni na ɗora faifan, da hannuna. Zuciyata tana ce min in ba ta ko kurɓa ɗaya, amma ta yaya zan buɗe baki a kan 'yar fari a gabanki, ga mata cike da tsakar gida? Me za a ce da ni? Na zaɓi a ce ina da kunya. Washegari da hantsi ta cika a cinyarki, ko hawaye ban yi a gaban mutane ba, aka sake yabona.

Ban taɓa gaya miki ba, amma na yi fushi da ke. Shekara guda ina gaishe ki da baki, zuciyata tana wani wajen. A lokacin ban ma san dalilin fushin ba, don ni ma na yarda kwananta ne ya ƙare. Kuma kwanan nata ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma ƙishirwar fa, Inna? Ita ma dole ce?

Da na dawo daga Bunkure na shiga gida-gida da kwalabena da cokali. Wasu suka karɓa. Da yawa suka saurare ni don kunya, ina fita su ce ai Inna ba ta ba mai gudawa ruwa, kuma Inna ta fi 'yarta sani. Kin ga inda abin ya tsaya? Gwamnati ta yi magana a rediyo, ta manna hotuna a bangon asibiti, ta turo malama, amma a garin nan maganarki ta fi tasu nauyi. Da sunanki ake rufe randa. Ni kuma ba na iya cewa kin yi kuskure, sai in yi ta kewaye-kewaye ina cewa zamani ne ya canja.

Sai ga maganar Sani, jikan Gwaggo Ladi aminiyarki. Bai daɗe da fara tafiya ba. Uwarsa ce ta aiko min a ɓoye, ita ma ɗan farinta ne, ba ta iya buɗe baki a kansa. Na je da hantsi na tarar da shi a cinyar Gwaggo, an shafe masa ka da magani, ido ya zurma, yana kuka ba hawaye. Mata sun taru ana ta sannu. Uwar tana zaune a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zani.

Na roƙi Gwaggo, na haɗa ta da Allah, ta kafe. Ta ce tare da ke ta koyi aikin nan, ba za ta saɓa miki don kina ƙasa ba, kuma in ji kunya ina tozarta uwata saboda an ba ni cokalin gwamnati. A nan idona ya rufe. Na tsaya a tsakiyar gidan na faɗi komai. Na kira sunan Hajara da ƙarfi. Na faɗi randar, na faɗi faifan. Na ce ni da Inna muka hana ta ruwa har ta mutu, ba da mugunta ba, da ƙauna da rashin sani, kuma duk wadda ke son ta binne nata kamar yadda na binne tawa to ta ci gaba da fakewa da sunan uwata.

Gwaggo ba ta miƙo min Sani ba. Uwar ce ta tashi, a gaban surukarta da kowa, ta ɗauke ɗanta ta kawo min. Yarinyar nan ta fi ni, Inna. Ta yi abin da na kasa.

Muka haɗa ruwan muka shiga ba shi cokali-cokali. Ya yi amai sau biyu, wasu suka fara ƙananan maganganu, na yi kamar ban ji ba. Har azahar ba wani canji, ina ta addu'a a zuci. Sai wajen la'asar ya tsula fitsari a zanin uwarsa. Ban taɓa murnar ganin fitsari irin ta ranar ba. Da gari ya waye ubansa ya kai su Bunkure a kan babur, malamar ta duba shi ta ce a ci gaba. Jiya na gan shi yana bin kaji a ƙofar gidansu.

To ga abin da ya biyo baya, gara ki ji daga gare ni. Yanzu mata suna zuwa da kwalabensu in auna musu. Amma sunanki ba ya nan yadda kika bar shi. Waɗanda suka rasa yara a hannunki sun fara lissafi, ina ganin abin a idonsu. An ce wata ta faɗa a wajen suna cewa ashe Inna ce ta kashe jikarta. Na je har gidanta na wanke ta tas, na tuna mata ke kika kwana uku a kanta ranar da haihuwa ta zo mata da gardama. Amma magana ta riga ta fita, kuma ni na fitar da ita. Gwaggo Ladi ba ta amsa gaisuwata har yau.

Shin da kina raye za ki saurari malamar nan? Wani lokaci in ce za ki kore ta da muciya. Wani lokaci in tuna yadda kike goya yaran mutane ki hana kanki abinci, sai in ce da kin ga gorar nan tana tsiyaya da ke za ki fara neman kwalba. Ba ki da rediyo, ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya miki. Abin da uwarki ta koya miki shi kika riƙe da gaskiya. Fushin da na yi da ke ya wuce, na yafe miki duniya da lahira. Kaina ne ban gama yafe wa ba.

Ki yafe min, Inna. Na taɓa mutuncinki kina kabari, ba ki da bakin kare kanki, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, in aka sake kawo min wani yaron a haka zan sake faɗa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki. In ya haɗa ku da Hajara, ki gaya mata uwarta tana son ta, kunya ce ta hana ni nunawa. Kuma don Allah ki ba ta ruwa, ki bar ta ta sha har sai ta ture moɗar da kanta.

Taki har kullum,
Asabe, uwar Hajara