Kwana Nawa Ne Daga Ojo Zuwa Agege?

Agege, Legas

Ɗana Jamaluddeen,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya a can Guangzhou ta ƙasar Sin. Ni ina nan yadda ka bar ni, sai ƙafa da ta ƙara kumbura.

Shekara shida da binne uwarka Iyatu, har yau maganar tana ci mini rai. Ban riƙe ka a kan jana'iza ba, ba a ajiye gawa. Amma aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, mutane suna tambayata ina babban ɗa. Duk wanda na aika sai ya dawo mini da kalma ɗaya, wai nisa. Ni kuwa ta kan kwanon ɗakina jiragen nan suke bi su sauka Ikeja, har kofin shayina rawa yake yi. Gaya mini, kwana nawa ne daga can zuwa nan?

Shitu mai kayan wuta na kasuwar Alaba zai kawo maka wannan, tunda can yake saro kaya.

Mahaifinka,
Alu

Guangzhou

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, Allah ya ƙara sauƙi. Tsakaninmu ya haura kilomita dubu goma sha ɗaya ta sama, kuma sai an sauka wata ƙasa an canza jirgi. Ga man zafi na ba Alhaji Shitu saboda ƙafar. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Jamaluddeen

Agege

Jamalu,

Na amsa gaisuwa. Ban tambaye ka kilomita ba, ban san ta ba. Lokacin da nake kawo tumatir kasuwar Mile 12 daga Kano, a kan kwanduna nake kwana biyu, kuma ban taɓa ce wa ubana nisa ba. Shitu ya ce naka jirgin kwana ɗaya ne.

Bakinsa kuma ya suɓuce. Ya ce bayan Babbar Sallah tare kuka ci amala a Ojo, nan cikin Legas, kuma duk shekara kana zuwa karɓar kwantena. Ashe cikin jiragen da ke girgiza mini kofi har da naka. Na mayar masa da man zafinka.

Alu

Guangzhou

Baba,

Ina gaisuwa. Shitu bai yi ƙarya ba. Ranar da na ƙi karɓar rumfarka ta tumatir, a gaban 'yan dako ka ce kada in sake taka ƙofar gidanka muddin kana numfashi. Maganarka nake bi. Duk zuwan da na yi sai na ziyarci kabarin Inna. Ka ce ka janye, in zo.

Ɗanka mai biyayya,
Jamaluddeen

Agege

Jamalu,

Sallama. Ban janye ba, ni ba na janye magana. Amma ƙofar gida na ce. Tun da uwarka ta rasu ba a ciki nake wuni ba, a kan benci nake, bakin titi, ina duba fuskar duk wanda ya sauko daga motar danfo. Benci ba ƙofa ba ne, kai da ka yi boko ya kamata ka gane.

Ka iso wurin matacciya, ka wuce mai rai. To na bar maganar jirgi. Daga Ojo zuwa Agege kwana nawa ne? Kada ka aiko Shitu, kada ka aiko mini da lissafi. Ka zo nan ka ba ni amsa da bakinka, tun ina ji.

Ubanka,
Alu